Daga Fallen Kwano zuwa Takardar Shaida: Tarihin 'Yan Sintirin Dusar Ƙanƙara

A hutun sabuwar shekarar 1936, wani dillalin inshora mai suna Charles Minot Dole, wanda kowa ke kira Minnie, ya tafi garin Stowe na jihar Vermont a arewa maso gabashin Amurka, shi da matarsa da amininsa Frank Edson. Wasan zamiya ya kai su, wato mutum ya ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya sulalo daga kan dutse bisa dusar ƙanƙara. Suna cikin gangarowa daga dutsen Mansfield sai Minnie ya faɗi, idon sawunsa ya karye. Ya daɗe kwance cikin sanyin da ke daskarar da ruwa kafin a samo masu taimako. Da suka zo kuwa, babu likita a cikinsu, babu gadon ɗaukar majinyaci, babu ko karan ɗori. Wani fallen kwanon rufi suka samo, suka shimfiɗe shi a kai, suka yi ta ja har gindin dutse.

Ƙafar ba ta gama warkewa ba sai ga mummunan labari. Frank Edson ya shiga wata gasar tsere kusa da Pittsfield a jihar Massachusetts, ya yi karo da bishiya, raunin ya zama ajalinsa. Tsakanin karayar Minnie da rasuwar amininsa wata biyu ne ko fiye da kaɗan.

Na fara da wannan labari ne domin duk wanda ya ga ɗan sintirin dutse na yau, da jar rigarsa mai farin kuros a baya, da rediyo a ƙirji da jakar magani a ƙugu, zai ɗauka haka aka same su tun fil azal. A'a. Sana'a ce da ba ta cika shekara ɗari ba, kuma kusan kowane darasi da ake koya wa mai shiga cikinta an koyo shi ne bayan an yi asarar rai ko gaɓa. Waɗanda suka ja Minnie a kan kwano mutanen kirki ne, sun ba da ƙarfinsu don Allah. Abin da ba su da shi shi ne sani. Tarihin wannan aiki kaf ɗinsa ƙoƙari ne na haɗa kyakkyawar niyya da sani, sannan a samo hanyar tabbatar da cewa sanin yana nan bai zube ba.

Ba Amurkawa suka ƙago abin ba. A Davos ta ƙasar Suwizalan akwai masu ceto da ke tsaron gangaren Parsenn tun kafin wannan lokaci. Wani ma'aikacin banki ɗan New York, Roland Palmedo, ya gan su a tafiye-tafiyensa, ya dawo gida da shawarar a yi irinsu, har aka kafa ƙaramin rukunin sintiri a dutsen Mansfield wajen 1934. Sai dai rukuni ne na 'yan tsiraru a dutse ɗaya, kuma karayar Minnie ta nuna iyakarsa. Bayan rasuwar Edson, kulob ɗin 'yan zamiya na New York ya ɗora wa Minnie shugabancin kwamitin binciken haɗurra, ya shiga bin diddigin yadda mutane ke karyewa da abin da ke faruwa da su bayan sun faɗi. A watan Maris na 1938 aka yi gasar ƙasa a Stowe, shi ya tsara masu ceto a gefen hanyar tseren, kowa da wurin tsayuwarsa da kayan aikinsa. Roger Langley, shugaban ƙungiyar wasan zamiya ta ƙasa a lokacin, ya ga tsarin ya burge shi, ya tambayi Minnie ko zai iya shimfiɗa irinsa a duk faɗin Amurka. Ya amsa. Haka aka haifi ƙungiyar da ake kira National Ski Patrol.

'Yan sa-kai ne zalla a farko. Malaman makaranta, manoma, lauyoyi, masu shago, kowa da abin yinsa cikin mako, ranar Asabar da Lahadi su hau dutse. Sharaɗin shiga bai da yawa: ka iya zamiya sosai, ka kuma riƙe takardar agajin farko ta ƙungiyar Red Cross. Riga mai launin tsatsa suke sawa a wancan zamani. Akwai kuma lambar girma ta ƙasa da ake bai wa wanda ya yi fice, mai ɗauke da lamba a jere: Langley ya karɓi ta ɗaya, Palmedo ta biyu, Minnie ta uku. Har gobe ba a neman wannan lamba, sai dai abokan aikin mutum su gabatar da sunansa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya karkatar da ƙungiyar zuwa inda ba wanda ya zata. A hunturun 1939 zuwa 1940 sojojin Finlan a kan allunan zamiya, sanye da fararen kaya, sun wahalar da rundunar Tarayyar Sobiyet da ta ninka su yawa. Minnie ya dage cewa Amurka ma tana bukatar sojojin dutse. Ya yi ta rubuta wasiƙu har ya samu ganin Janar George Marshall a 1940. Ƙarshenta gwamnati ta ba wa ƙungiyar 'yan sintirin izinin tace masu son shiga sabuwar rundunar, abin da ba a saba ba wa farar hula ba. Duk mai nema sai ya kawo wasiƙun shaida uku daga mutanen da suka san halinsa da ƙwarewarsa a daji da dutse. Waɗannan samari aka horar a sansanin Hale na jihar Colorado, suka zama Runduna ta 10 ta Duwatsu. A daren 18 ga Fabrairun 1945 suka hau tsaunin Riva a Italiya ta gefen da Jamusawa suka ɗauka ba ya hawuwa. Kusan dubu ɗaya daga cikin sojojin rundunar ba su dawo gida daga yaƙin ba. Waɗanda suka dawo su suka gina harkar zamiya ta Amurka bayan yaƙi. Pete Seibert, wanda ya buɗe wurin zamiya na Vail a 1962, ɗaya ne daga cikinsu.

Wanda ya fi jan hankalina a cikin tsofaffin sojojin nan shi ne Montgomery Atwater. A 1945 hukumar gandun daji ta ɗauke shi aikin kula da dusar ƙanƙara a Alta, jihar Utah, wani tsohon garin masu haƙar azurfa da zaftarewar ƙanƙara ta sha binnewa. A nan matsalar ta wuce karaya. Dusar ƙanƙara tana sauka ne hawa-hawa, kowane zubi da irin laushinsa. Idan wani shimfiɗi mai rauni ya kwanta a ƙasa, iska ta tara mai nauyi a kansa, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsinke gangaren gaba ɗaya, ya zubo da gudun da ya fi na mota. Atwater ya ce tunda ba za a hana ta zubowa ba, gara a zubo da ita da gangan a lokacin da babu kowa a ƙasa. Ya fara da nakiya da hannu, daga baya ya samo igwar soja yana harbin kan dutse da asuba. Ya riƙa haƙa rami yana duba shimfiɗun ƙanƙarar, yana rubuta iska da sanyi da yawan zubi kullum. Ed LaChapelle ya zo ya tarar da shi a 1952, ya ƙara wa aikin zurfin kimiyya. Daga Alta darussan sanin zaftarewa suka bazu a Amurka, kuma Atwater aka danƙa wa tsaron gangaren Squaw Valley a gasar Olamfik ta hunturu ta 1960.

Tun daga nan aikin ya rabu gida biyu. Akwai ceto bayan an faɗi, akwai kuma rigakafi kafin a buɗe ƙofa. A manyan duwatsun yammacin Amurka ɗan sintiri kan fita tun duhu bai yaye ba, su biyu-biyu, da nakiyoyi a jakar baya, kowace nauyinta kusan kilo ɗaya. Ɗaya ya kunna lagwani ya jefa, ɗaya ya tsaya a wuri mai aminci yana kallonsa, don idan ƙasa ta tafi da shi a san inda za a tona. Wannan ba aikin da za a miƙa wa mai zuciyar taimako kawai ba ne. Sai da lasisin riƙe nakiya, sai da shekaru ana bin na gaba.

Lissafin lokaci shi ya sa horon ya yi tsanani haka. Binciken da aka yi a kan alƙaluman Suwizalan, aka buga a 1994, ya nuna cewa cikin waɗanda ƙanƙara ta binne gaba ɗaya, fiye da kashi 90 cikin ɗari suna da rai idan an tono su cikin minti 15. Zuwa minti 35 sai adadin ya faɗo wajen kashi 30, saboda numfashi ya ƙare. Babu asibitin da zai iso cikin wannan taƙi. Shi ya sa ake sa mai koyo ya yi ta maimaita abu uku har su zame masa jiki: bin sautin na'urar da ke jikin wanda aka binne, soka doguwar sandar lalube har ta taɓa shi, da tono da shebur ta gefen gangare maimakon daga sama. Na'urar kanta John Lawton ya ƙera ta farko mai aiki sosai a 1968, kuma yau duk duniya an daidaita su a kan zango ɗaya, kilohaz 457, domin ta kowane kamfani ta ji ta ɗan'uwanta. Duk da haka dutse yakan fi ƙarfin shiri. Ranar 31 ga Maris 1982, a Alpine Meadows ta jihar Kalifoniya, bayan kwanaki ana zuba ana kuma harba nakiya, gangaren ya zubo har kan ginin ma'aikata da wurin ajiye motoci. Mutum bakwai suka rasu, har da shugaban aikin dutsen. Wata ma'aikaciya, Anna Conrad, ta yi kwana biyar a ƙarƙashin ɓaraguzai, karen ceto ya sunsuno ta, aka fito da ita da rai.

Ta ɓangaren jinya kuwa, an shafe shekaru kusan hamsin ana dogaro da darasin Red Cross. Darasi ne mai kyau, amma an tsara shi ne don wanda ya faɗi a titi ko a gida, inda motar asibiti ke iya tsayawa a bakin ƙofa. Bai tanadi mutumin da ya karye cinya a gangare mai santsi ba, iska na kaɗawa, yatsun mai ceton kansa sun sandare, asibiti kuma sai an yi awa ana tafiya. Wani likita daga Billings ta jihar Montana, Warren Bowman, shi ya jagoranci rubuta wa ƙungiyar nata manhajar, wadda ta fito a 1988, aka sa mata sunan agajin gaggawa na hunturu, daga baya aka faɗaɗa ta zama ta agajin gaggawa a fili da daji. Kafin nan, a 1980, Majalisar Dokokin Amurka ta ba ƙungiyar takardar amincewa ta tarayya, irin wadda Red Cross ke da ita. Yau mambobinta sun haura dubu talatin, hedikwatarta na Lakewood a Colorado.

Na taɓa ganin wannan horo da idona, a kwance ma kuwa. Lokacin ina karatu a Amurka, wata maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya, wadda ke sa-kai a wani ƙaramin dutse, ta ce suna neman masu kwaikwayon majinyata ranar jarrabawar sababbin shiga. Aka ba ni 'yar takarda: ƙashin ƙaurina na dama ya karye, kuma kada in faɗi cewa wuyana na ciwo sai an tambaye ni. Na kwanta a gefen hanya. Wani saurayi ya iso, abu na farko da ya yi shi ne ya cire allunansa ya kafa su a gicciye ta saman inda nake, alamar masu gangarowa su kauce. Ya durƙusa ta inda zan gan shi ba sai na juya kai ba, ya faɗi sunansa, ya ce, "Ni ɗan sintiri ne, ka yarda in taimake ka?" Bai taɓa ni ba sai da na amsa. Ya tambayi yadda na faɗi, da jin na ce na wuntsila, sai ya ce kada in motsa kai, ya tambayi wuyan. Ya kira a rediyo ya faɗi wurin da kayan da yake so. Wata dattijuwa mai jarrabawa na tsaye da allon rubutu, ba ta ce uffan ba.

Da abokan aikinsa suka iso da kayan, suka ɗaure ƙafar tsakanin alluna biyu masu soso. Kafin ɗauri an taɓa yatsun ƙafata, an ce in motsa su, an duba ko jini na isa. Bayan ɗauri aka sake. Na ga dattijuwar ta yi alama a takarda daidai wannan wuri, kuma maƙwabciyata ta gaya mini daga baya cewa mantawa da dubawa ta biyu kan iya kayar da mutum, don ɗaurin da ya toshe jini ya fi rashin ɗauri illa. Nan na tuna yadda ake yi idan mota ta kife a hanyoyinmu, jama'a su rugo da gudu, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, a fizgo mutum a cusa a bayan a-kori-kura. Babu mai mugun nufi a cikinsu, amma sau nawa garin neman gira aka rasa ido, mai tsagewar ƙashin baya ya tashi da shanyewar jiki har abada?

Sai aka ɗora ni a abin jan majinyaci, mai siffar kwami, da dogayen mariƙai biyu a gaba. Kaina ta gangare, ƙafafuna ta tudu, domin ƙa'idarsu wurin rauni ya kasance ta sama. Aka lulluɓe ni da bargo da tamfol, aka ɗaure da maɗauri uku. Ba na ganin komai sai sama da bayan saurayin. Wata mace na biye da igiya a baya, ita ce birki na biyu idan na gaba ya zame. Da muka iso wuri mai tsauri sai na ji ya ce zai saki sarƙa, nan take wani gurnani ya tashi daidai ƙarƙashin kaina, sarƙar ƙarfe ce ta shiga ƙasan kwamin tana cizon ƙanƙara. Ya juya allunansa a kaikaice yana zamewa sannu a hankali, ƙafafunsa na rawa saboda nauyi. Wannan tuƙi darasi ne mai zaman kansa, da malamansa da jarrabawarsa daban. Mutum zai iya haddace littafin jinya kaf, amma idan bai iya sauko da kwami mai ɗauke da ƙato a kan gangare mai sulɓi ba, ba za a ba shi mariƙan ba.

Abin da na fi girmamawa a tsarin nasu shi ne takardar ba ta zama a bango. Mai koyo yakan yi watanni, awa kusan ɗari ko fiye, ya ci rubutacciyar jarrabawa da ta aiki, ya yi hunturu guda yana bin manya. Bayan haka kowace kaka, kafin dusar farko ta sauka, kowa sai ya dawo bita, sabo da wanda ya shekara arba'in, likita da kafinta. An raba manhajar kashi uku, kowace shekara a bi kashi ɗaya, cikin shekara uku an zagaye ta a sake komawa farko. A sake gwada danna ƙirji don farfaɗo da zuciya, a sake gwada sauko da mutane da igiya idan kujerun da ke hawa da su dutse sun tsaya a sama. Wanda bai zo ba, takardarsa ta mutu. Daga nan mai son ci gaba ya nemi matakin manya, inda ake gwada shi da majinyata da yawa a lokaci ɗaya a wuri mai wuya, sama da shi kuma akwai matakin ƙoli da 'yan kaɗan ke kaiwa. Ni a ganina wannan bita ta shekara-shekara ita ce mafi darajar abin da Minnie da magadansa suka bari, ta fi rigar, ta fi lambar girma. Hannun da ya shekara bai ɗaure karaya ba yana mantuwa, kuma sun yarda da haka ba tare da jin kunya ba.

Faransa ta bi wata hanya dabam. A can sana'a ce ta albashi tun da wuri. Émile Allais, zakaran duniya na shekarun 1930, da ya karɓi ragamar gangaren Courchevel a shekarun 1950 ya kafa ma'aikata na dindindin masu gyaran hanya da ceto. Sai bala'in Val d'Isère: ranar 10 ga Fabrairun 1970 ƙanƙara ta zubo ta fasa wani masaukin matasa suna karin kumallo, mutum 39 suka mutu. Shekara ɗaya bayan haka aka kafa ƙungiyar nazarin dusar ƙanƙara da zaftarewa ta ƙasa a Grenoble, wadda ke horar da masu harba nakiya da masu karnukan ceto. A 1979 gwamnati ta mayar da aikin mai takardar shaida ta ƙasa, wadda yau take da mataki uku. Kafin a karɓe ka ma sai ka ci gwajin zamiya a wajen gyararriyar hanya, ka kuma zo da takardun agajin farko. Magajin gari ne doka ta ɗora wa alhakin lafiyar mutane a gangaren yankinsa, kuma dokar duwatsu ta 1985 ta ba ƙananan hukumomi damar cajin wanda aka ceto. A Amurka yawanci kyauta ake sauko da kai. Kanada ta kafa tata ƙungiyar 'yan sa-kai a 1941 ƙarƙashin Dakta Douglas Firth, a 1979 kuma aka kafa tarayyar ƙungiyoyin sintiri ta duniya.

Kowane tsari da abin yabonsa. Na Faransa ya ba ma'aikaci matsayi a idon doka, takardarsa tana aiki daga wannan dutse zuwa wancan. Na Amurka ya riƙe ƙananan duwatsun ƙauye da ba za su iya biyan albashi ba, inda har yau malamin makaranta ke sa jar riga ranar hutu. Amma a manyan wuraren Amurka, inda ake nakiya da ceto a kwazazzabai, ma'aikata ne na cikakken lokaci, da yawansu ma da takardar ma'aikacin motar asibiti, kuma a nan ne nake ganin an tauye su. An ɗora musu ilimin jinya da na ƙanƙara da na nakiya da na igiya, ga haɗari na gaske: a 2006 'yan sintiri uku suka mutu a dutsen Mammoth na Kalifoniya cikin wani rami mai fitar da iskar guba, biyu sun rufta suna gyara shingen da ke kare jama'a, na ukun ya shiga ceto su. Amma albashin bai kai mutum ya kama haya a garin da yake tsaro ba. Da ya ƙware sai ya bar aikin, ya tafi da abin da babu takardar da ke ɗauke da shi, wato sanin wane kwari ne iskar arewa ke cikawa, wane gangare ne ya saba tsinkewa bayan dare mai sanyi.

A ranar 27 ga Disambar 2024, tsakiyar hutun da ya fi kowane cika, 'yan sintiri kimanin ɗari biyu a Park City ta jihar Utah suka ajiye aiki. Babbar bukatarsu a ɗaga albashin farawa daga dala 21 zuwa 23 a awa, a kuma ƙara wa tsofaffin hannu don su zauna. Kamfanin da ke gudanar da dutsen ya kawo wasu daga sauran wuraren da yake da su don su cike gurbi, amma mafi yawan hanyoyin dutsen suka kasance a rufe, baƙi suka yi ta tsayuwa a dogayen layuka, domin ba a buɗe gangaren da ba a tabbatar da lafiyarsa ba, masu tabbatarwar kuwa suna bakin titi riƙe da kwalaye. Yajin ya yi kusan mako biyu. A watan Janairun 2025 aka daidaita, aka ba su ƙarin dala biyun, aka kuma ƙara wa masu daɗewa fiye da haka.